Farar Ƙasar Da Na Kai Wa Adaugo

Titin Bauchi, Jos
3 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Baba Natana'el,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen Kuru. Ya damina? Na san waya ba ta da amfani a wurinka tun da ƙarar injin niƙa ta cinye maka kunnuwa, shi ya sa na ba 'yarka Magadaliya wannan takarda ta kawo maka in ta tashi daga aiki a asibiti.

Baba, wani abu ne ya ɗaure min kai a ma'aikata, kuma tun da ka yi ritaya ba ni da wanda zan tambaya. Yau da safe na zuba niƙaƙƙen dutsen felsfa, wanda ake haɗa tayil da tangaran da shi, a tankin kumfa kamar kullum, na sa magani, na kunna iska. Kai ka koya min cewa kumfar da ke kwashe dattin dutse ruwan ƙasa take tasowa, a yaye ta, farin gari ya kwanta a ƙasa. To wannan toka-toka ta taso, tana walƙiya, ga nauyi a ludayi. Tayil ɗin gwajin da na gasa da garin makon jiya kuwa, ƙyallin kansa ya narke tun wuta ba ta kai ba, ya zubo gefe, ya yi rawaya-rawaya.

Na kai wa Oga Fabian, mutumin da ya sayi ma'aikatar bara. Ko kallon kirki bai yi masa ba ya ce, "Salma, dutse ne, kowane rami da kalarsa. Sa hannu kaya su fita." Na sa. Amma wannan ce Litinin ta uku a jere da na ga haka, kuma kafin Laraba sai komai ya koma fari tas.

Na busar da kumfar kaɗan, na ƙunsa maka a cikin ambulan. Ka duba min.

'Yarka,
Salma Ibrahim

*

Kuru
5 ga Yuni, 2024

'Yata Salma,

Na gode da gaisuwa. Muna lafiya, godiya ga Ubangiji. Ki gaida mahaifiyarki.

Na murza ƙunshinki a bayan hannuna, ya bar baƙin layi. Mama da ta leƙo sai ta rubuta a allon da ake rubuta min magana, wai wa ya aiko min da tozali. Ta faɗi gaskiya ba ta sani ba. Dutsen kwalli ne, dutsen kwalli kuwa dalma ce. Ita ce ke narkar da ƙyallin tangaran da wuri, ita ce ke sa shi rawaya.

Ramin felsfa ba ya haifar da wannan ranar Litinin ya huta ranar Laraba. Wani ne yake niƙa dutsen dalma a injinmu ranakun hutu, ba ya wanke shi. Abin da ya maƙale a jikin ƙwallayen niƙa da bangon injin, kayan Litinin ne suke sharewa.

Ki rufe hancinki da bakinki da kyau. Kada ki ci abinci a wurin. Kayan aikinki kada su shiga gida. Dalma ba ta ihu kamar injin, a hankali take shiga jini, kuma ta fi son yara ƙanana da na ciki.

Yanzu ki binciko min abu ɗaya: su wa suka karɓi kayan Litinin, kuma tun yaushe?

Allah ya tsare.

Natana'el

*

Titin Bauchi, Jos
10 ga Yuni, 2024

Baba,

Ina gaisuwa.

Maganarka gaskiya ce. Jiya Lahadi bayan azahar na bi ta ma'aikata kamar na manta wani abu. Tun daga titi na ji injin yana ruri. Tifa biyu na gani a ciki, da wasu mutane da ban sani ba suna sauke buhunan dutse mai ƙyalli. Maigadi ya ce min Oga ne yake ba su hayar injin Asabar da Lahadi, kuma ba mako uku ba ne, tun watan Fabrairu ake yi. Da farko kaɗan-kaɗan ne, shi ya sa tankina bai nuna ba.

Ka tambaye ni su wa suka karɓi kaya. Masu tayil ne da masu fenti, sai masu tangaran guda huɗu. Waɗannan zan iya bin su. Ba su ne suka hana ni cin abinci ba.

Ka tuna Adaugo? Ƙawata ta Laranto, wadda muka tashi gida ɗaya, babanta yana haya a wurin kakana. Ita ce mai yin kofuna da farantai, ka taɓa nuna mata yadda ake tace yumɓu. Shekara takwas da aurenta da Arinze, ciki biyu sun zube. Yanzu tana da na wata bakwai. Tun cikin yana ƙarami take kwaɗayin farar ƙasa, kamar yadda mata da yawa suke yi. Tana saye a kasuwa, ni kuma na hana ta. Na ce mata, "Ta kasuwa a ƙasa ake shanya ta, awaki na bi ta kai. Tamu wankakka ce, ni nake tace ta da hannuna. Bari in riƙa kawo miki."

Baba, ka san farar ƙasa in ta bushe a wannan injin ɗin muke murƙushe ta. Kuma ranar Litinin nake kai wa Adaugo kayan sana'arta. Duk Litinin, wata huɗu, gwangwanin madara cike. Ta farkon fitowa nake ɗiba mata, don ta fi laushi.

Yau na je da niyyar in faɗa mata. Na same ta a bakin shago ta miƙe ƙafafu, tana dangwala da yatsa tana lasa. Ta ce, "Salma, kwana biyu cikina yana murɗawa, bakina kuma kamar na tsotsi ƙusa. Ko haka masu wata bakwai suke ji?" Ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta, na ji yana motsi. Sai na ɗauke gwangwanin na ce ya yi danshi, zan canzo mata wani. Ta bi ni da dariya tana cewa kada in daɗe.

Ina jin tsoro, Baba. In na faɗa mata, firgici kaɗai zai iya zubar da wannan ma. In na yi shiru na daina kai mata, wataƙila jikinta ya wanke kansa? Ka ce min eh.

'Yarka,
Salma

*

Kuru
11 ga Yuni, 2024

Salma,

Gaisuwa. Ba zan ce miki eh ba.

Ba ya wanke kansa yadda kike so. Kuma in kin daina kai mata, ragowar da ke buhunan shagonta za ta ɗiba, ko ba ki yi tunanin wannan ba?

Shekara talatin na yi ina shugabantar masu niƙa. Tun a shekara ta goma na gane kunnena na hagu yana tafiya. Na ɓoye, don kada a sauke ni, ban nemi a sayo wa kowa abin toshe kunne ba. Mutum shida da suka yi aiki a ƙarƙashina yau da hannu ake musu magana kamar ni. Biyu daga cikinsu muna coci ɗaya. Suna gaishe ni da fara'a, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Magadaliya ta karanta takardarki da izinina. Gobe da safe za ta biyo miki ku tafi Laranto tare, ta san likitan da zai ɗebi jini. Amma ba ita za ta yi maganar ba. Ke ce.

Ina yi wa yarinyar addu'a, ke ma ki yi taki.

Babanki,
Natana'el

*

Laranto, Jos
24 ga Yuni, 2024

Baba,

Bayan gaisuwa da ban girma. Na san Magadaliya ta ba ka labari, amma ina so ka ji daga wurina.

Na faɗa mata. Tana zaune tana goge kofuna, Arinze yana tsaye a bakin ƙofa zai fita kasuwa. Na fara da injin, na zo kan tifofi, sai ta katse ni tana dariya, ta ce, "To ni mene ne nawa da dutsen Oga Fabian?" Na ce, "Ada, farar ƙasar da nake kawo miki daga cikin injin take fitowa." Ta dubi Magadaliya da fararen kayanta na asibiti, ta dube ni, sannan ta ajiye kofin a hankali kamar zai fashe. Ta riƙe cikinta da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaushe kika sani?" Na ce, "Ranar Lahadi." Ta ce, "Litinin kin zo nan. Kin taɓa cikina."



Arinze ya ɗauko buhunan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa waje, gari na tashi, Magadaliya tana masa tsawa ya bari kada kowa ya shaƙa. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ke ce mai ilimin dutse. Mu ba mu yi karatu ba, mun yarda da ke." Maƙwabta suka taru, waɗanda suka san ni tun ina yawo ba takalmi.

An ɗebi jinin, an aika Abuja. Kwana tara muka jira. A kwanakin nan na bi sauran masu tangaran, na ce kada su sayar da kofi ko faranti da aka yi da garinmu daga Fabrairu. Adaugo ita ma tana da kofuna sama da ɗari biyu, Arinze ya farfasa su duka. Na kai tayil ɗin gwaji da busasshiyar kumfa ofishin masu kula da muhalli, suka zo ranar Asabar suka tarar ana niƙa, suka sa wa injin kwaɗo. Oga Fabian ya kira ni ofishinsa ya ce, "Sa hannunki ne a kan kowace takarda, ba nawa ba. In aka je kotu, ki tuna." Ya karɓe makullin ɗakin gwaji. Ma'aikata goma sha takwas suna zaune a gida yanzu, wasunsu ba sa amsa gaisuwata, duk da su ma an ɗebi jininsu an samu dalma a na masu niƙa biyar.

Sakamakon Adaugo ya dawo ranar Juma'a. Akwai dalma, da yawa. Likita ya ce ba ta kai inda za a fid da rai ba, ya ɗora ta a kan magani, za a riƙa gwadawa duk mako biyu. Magadaliya ta tambaye shi game da jaririn, ya ce abin da ke jinin uwa yana isa ga ɗa, sauran kuma sai an haihu.

Daga bakin Magadaliya na ji wannan, don Adaugo ta rufe lambata. Yanzu ina gidan kakana, lungu biyu ne tsakaninmu. Duk lokacin da na ji an tsayar da keke-napep a layinsu sai in ce naƙuda ce ta zo ba lokaci ba. Mahaifiyata ta kai musu kunun gyaɗa, an karɓa, an dawo da kwanon a wanke, ba saƙo.

Saura mako bakwai. Ban san yadda ake jiran irin wannan ba.

Ka gaida Mama.

'Yarka,
Salma

*

Laranto
9 ga Agusta, 2024

Salma,

Ina gaisuwa. Na rubuto ne don in na ji muryarki ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Na sauka ranar Talata. Mace ce. Ƙarama ce sosai, amma ta yi kuka, tana kama nono. Sunanta Kosiso. An samu abin a jininta, bai kai nawa ba. Likita ya ce za mu riƙa kai ta gwaji, kuma ba wanda zai iya ce min komai a kan ƙwaƙwalwarta sai ta fara zama, ta fara tafiya, ta fara magana. Shekara biyu, ko uku. Duk motsin da ta yi ina kallo, ina tambayar kaina ko haka sauran jarirai suke yi.

Fushin Litinin ɗin nan bai gama fita daga raina ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma mutanen da suke zuwa barka duk ce min suke ba komai, Allah ya riga ya yi. Ke kaɗai kika san akwai komai. Ba zan iya wannan kallon ni kaɗai ba har shekara uku.

Ki zo gobe da hantsi. Arinze zai kasance a gida, wataƙila ba zai amsa sallamarki ba. Ki shigo duk da haka.

Ki gaida Inna.

Adaugo