Alhaji, Ka Shiga Gonar Yayana Kafin a Ƙone Ta

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Zongo masu noman shinkafa a fadamar bayan gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sani mai aikin wuyan riga, wanda shagonsa ke bayan masallaci, ƙanen Idrisu. Sau biyu na zo ƙofar gidanka aka ce kana hutawa. Shi ya sa na rubuto a fili, tunda hukuncin ma a fili aka yanke shi.

Ga wanda bai ji ba, ga abin da ya faru. Ranar Talatar makon jiya da safe Yaya Idrisu ya isa gonarsa, ya tarar shinkafar tsakiya ta kwanta, ta yi wata ƙatuwar da'ira, ga ƙanana biyar kewaye da ita. Wani ya hau bishiya ya ɗauki hoto, kafin azahar hoton ya zagaye wayoyin Zongo. Ranar Juma'a kwamitinku ya zauna, ya ce aikin aljanu ne, kuma yayana ne ya gayyato su. Kuka yanke a ƙone gonar kafin girbi, a cire sunansa daga ƙungiya.

Na ɗaya. Allah ya ja kwana, ba ka shiga gonar ba. Waɗanda suka raka ka sun shaida cewa a bakin hanya ka tsaya, ka hango, ka yi ta'awwuzi, ka koma mota. Ba na zarginka da jin tsoro, domin ni ma na ji. Ran Laraba da na hau zemijan, wato acaɓa, zuwa can, mai babur ɗin ya sauke ni tun daga nesa, ya ce shi yana da 'ya'ya. Amma na cire takalmi, na yi bismillah, na shiga.

Na biyu, abin da na gani. Wallahi Alhaji, tun ina saurayi nake zana da'ira a kan shadda, ban taɓa ganin hannu mai tsabta irin wannan ba. A hoto abin ban tsoro ne. A ƙasa kuwa, in ka durƙusa, abin sha'awa ne. Shinkafar ba a tattake ta ba, ba a karya ta ba. An kwantar da ita ne daga tushe, kamar yadda uwa ke kwantar da gashin 'yarta kafin kitso, duk ta fuskanci gefe guda tana juyawa. Da na ɗaga na sama, sai na ga na ƙasa ya bi wata hanyar dabam, sun hau juna kamar saƙar tabarma. Bakin da'irar kuwa a tsaye yake cak: wannan kara a kwance, na kusa da shi ko rankwafawa bai yi ba.

Na je da igiyar awona ta shago. Na tsaya a tsakiya, Yaya ya riƙe ɗaya bakin, ya zagaya. Ko ta ina muka auna, tsawon ɗaya ne, bambancin bai kai tafin hannu ba. Ƙananan biyar ɗin ma tazararsu ɗaya. Wanda ya taɓa raba da'ira gida biyar ya san wahalarsa. Gida shida yaro ma zai yi, amma biyar sai gwani. Na zauna a kan shinkafar nan har rana ta take, ina kallo, na manta da abin da ya kai ni.

A tsakiyar kuma na tarar da rami ɗan ƙarami, daidai kaurin turke, an toshe shi da laka da babban yatsa, har zanen yatsan na nan. A kan kunyar ruwa akwai sawun takalmin roba na mutum biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. A gefen gabas, inda laka ke da taushi, akwai shatin katako mai faɗi. Na yi imani da aljanu kamar kowane Musulmi, amma ban taɓa jin suna kafa turke su ja igiya ba. Wannan aikin ɗan Adam ne, wanda Allah ya ba ilimin awo da haƙuri. Ban san shi ba. Ya yi laifi da ya shiga gonar mutum ba izini, amma da zai zo shagona, ni zan tashi in ba shi kujera.

Na uku. Maƙwabcin gonar, wani dattijo mai yaren Mina, ya shigo ya same mu. Ya tsuguna ya murza zangarniya ɗaya, ya nuna mana ƙwayar tana cika. Ya ce mu duba gaɓoɓin, ai sun fara lanƙwasowa sama suna neman rana. Haka ne kuwa. Shinkafar tana da rai, Alhaji. Abincin gida guda ne na shekara kuke shirin cinna wa wuta.

Na huɗu, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Ka san Idrisu tun yana ɗauko muku ruwan alwala. Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa a miƙe, shi zai zana wannan? Amma tun ranar Juma'a, in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Matarsa Ladidi, da ke sayar da shinkafa a kasuwar Adidogomé, ta yi kwana uku ba wanda ya tsaya a gabanta cikin mutanenmu. Shekaranjiya na same shi zaune a zaure, ya ce mini, "Sani, ko dai in ƙone ta da hannuna, in huta?" Ko ranar da muka binne Baba ban gan shi haka ba.

Ga roƙona. A dakatar da ƙona gonar. A mayar da sunan yayana, kuma a faɗi hakan a ƙofar masallaci, inda aka faɗi na farko. Sannan ka zo da kanka, kai da Liman da duk wanda ke so, kafin shinkafar ta gama miƙewa zanen ya ɓace, domin kwanakinsa kaɗan ne. Zan riƙe maka igiya ka auna. Wanda ya yi aikin kuma, in wannan takarda ta kai gare shi, ya fito ya nemi gafarar Idrisu, ya kama masa girbi. Ni na ɗauki alkawarin tsayawa a gabansa don kada a taɓa shi.

Kai ka tsaya mana har muka sami wannan fadama lokacin da ba mai ba baƙo ƙasa, ba mu manta ba. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da mutanenka lafiya, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba.

Yaya ya ce zai jira har Juma'a mai zuwa. Ya wasa laujensa, ya kuma ajiye ashana a aljihu. Kai za ka faɗa masa wanda zai ɗauka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani mai aikin wuyan riga, Zongo, Lomé.