Daddawar da Na Jefar a Filin Jirgi

Inna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba, da mutanen Kurfi? Na iso Jamus lafiya, taron coci yana tafiya daidai. Abincinsu ne bai karɓe ni ba, amma kada ki damu.

Inna, daddawar da kika yi mini ban iso da ita ba. Ba ƙwacewa aka yi ba. Wata ce ta toshe hanci a filin jirgi, kunya ta kama ni, na jefa ta a shara.

Ran Lahadi fasto ya ce kowa ya dafo abincin garinsu. Da aka zo kaina, na ce mantawa na yi. A cikin coci fa, Inna.

Ki yafe mini. Ki gaida Hajiya Murja da ta ba ki kalwar, amma kada ki faɗa mata.

'Yarki,
Rifkatu