Ƙwaryar Tsintuwa

Sule Tankarkar, ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Ɗantala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikinku na gidan namun daji. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan da ka sani. Rubutun nan hannun Malam Habibullah ne, amma bakin nawa ne, na kuma ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Na iso gida. Da gangan na taho ban yi maka sallama ba.

Ɗantala, barewar nan Tsintuwa ni na tsince ta a gefen gonata ta hanyar Ɗanzomo, cibiyarta ko bushewa ba ta yi ba, karnuka sun kore uwar. Nonon akuyar matata Kande nake ɗiga mata da tsumma. A zaurena take kwana. Da ta cinye waken maƙwabta, ma'aikatan daji suka ce dabbar dawa ba ta zaman gida, kai ka ce a kai ta wurinku a birni, aro ne kafin magana ta kwanta. Na yarda don ciki ɗaya muka fito.

Sai da na yanki tikiti a ƙofa kafin in ga abin da na raina da hannuna. Ka yi ta zagayawa da ni kana nuna mini gwanki da mariya da gada, kamar ban san su ba tun kana goye. Da muka zo shingensu na fito da ƙwaryarta, na zuba 'ya'yan gawo, na ƙwanƙwasa gindin kamar yadda nake yi kullum da la'asar. A gida, ko tana bayan rumbu ta ji wannan sai ta tsallako. Ranar nan kunne kawai ta ɗaga, ta dube ni, ta koma kiwo cikin 'yan'uwanta. Kai kuwa tari ka yi, ta taho a guje ta cusa hanci a aljihunka. A gaban jama'a. Har wata mata ta yi dariya.

Halinka ne tun muna yara. Ni na horar da jakin Baba, kai ka hau shi ranar salla. Ban manta ba. Me kake sa mata a aljihun nan?

Ka dawo mini da ita kafin kasuwar Maigatari. Direban da ya kawo maka wannan takarda ya yarda zai ɗauko ta. Aro ba kyauta ba ne.

Ka gai da Tayyiba da yara, su ba su yi mini komai ba.

Yayanka,
Ɗantsoho.


Sule Tankarkar, ranar Juma'a.

Zuwa ga Ɗantala,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun yini lafiya. Kande tana gaishe ka. Ni ma, to, ina gaishe ka.

Direba ya dawo mini da igiyata a naɗe, babu Tsintuwa. Hoton da ka turo a wayar Malam Habibullah na gani. Ashe ciki ne da ita ranar da na je, ka yi shiru, ka bar ni ina ƙwanƙwasa ƙwarya kamar mai tallan fura. Ɗan ya ɗauko farin goshinta. Na sa Malam ya buɗe mini hoton har ya ce cajinsa ya ƙare, ban kuma yarda ya ƙare ba.

Ka ce in an raba ta da garken yanzu, ɗan ba zai rayu ba. Na so in ƙaryata ka, amma ni na san wahalar rainon maraya, ba kai ba. Kuma gaskiya ɗaya zan faɗa, kada ka saba jinta daga bakina: duk zamanta a gidana ban iya samo mata miji ba. Bunsurun Kande ya gwada sa'arsa ta kusa fasa masa ciki. Wannan namijin naku mai ƙaho a karkace bai yi mini ba, amma ba a tambaye ni ba.

To, ta zauna a wurinku. Ba don kai ba.

Ga buhun gawo nan, daga bishiyar da na tsince ta a gindinta. Mai shayarwa ce, kada ku cika ta da dusar kanti. Ga ƙwaryarta kuma. Ka zuba, ka ƙwanƙwasa, ka koma bayan bango inda ba za ta gan ka ba. Kada ka yi tari.

A ƙasan buhun akwai tsohuwar hulata, na hana Kande wanke ta. Ka rataye ta a shinge daidai tsayin hancinta. In ta zo ta shinshina ta tsaya, ka aiko mini a ranar. In ta wuce ba ta kula ba, kada ka gaya mini, ka ce direba ya ɓatar da hular.

Allah ya raya abin da ta haifa. Ni zan sa masa suna.

Yayanka,
Ɗantsoho.