Turken Waya Ya Kore Mini 'Yan Gayya

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara tun ciyawa ba ta gama cinye dawata ba.

Ni magidanci ne a Zuru, da 'ya'yana da uwarsu Asama'u. Na ɗan taɓa boko, ban daɗe ba malamin ya gane kaina ya fi dacewa da ɗaukar dami. Na fito da baƙaƙen nan da nake rubuto maka da su, da Turancin da bai cika cokali ba. To amma a unguwarmu wannan ma ya isa a gaishe da mutum da girma.

Da rani wani Bature ya zo da leburori suna jan igiya daga wajen hanyar Kontagora. Duk faɗin ƙasar Allah igiyar nan ba ta ga wurin bi ba sai tsakiyar gonar da na gada wurin mahaifina. Dagaci ya ce wayar tangarahu ce ta gwamnati, kuma duk inda ta bi ya zama na gwamnati. Suka sare kaɗanyar da Asama'u ke samun man kaɗe, suka kafa turakun ƙarfe, suka ce kada dawa ta tsaya ƙarƙashin wayar. Ko sannu ba a yi mini ba. Wannan na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba, ni na dafa shi da kaina. Ka san turken nan in iska na kaɗawa yana wani gunji. Wata rana mutanen unguwa sun taru suna kallo, sai na kara kunne a jikinsa, na murtuke fuska, na ɗaga hannu a yi shiru. Na ce musu Turanci ne, Razdan, babban Baturen lardi, shi ke tambaya wa ke tari a gonar Zuru. Mode, sarkin nomanmu, shi ke tarin. Na ƙara da cewa duk abin da aka faɗa ƙarƙashin waya yana isa Kaduna kafin mutum ya rufe baki. Na tsaya ina jiran dariya. Malam, ko yaro bai dara ba. Mode ya mayar da tarinsa ciki, aka watse a kan 'yan yatsu.

Ka kuwa san gayya ba a yin ta da bakin bebe. Makaɗinmu Ɗanjuma in ya saɓa ganga ba wanda yake ƙyalewa: mai karɓar haraji, dogari, har gajeren wandon Di'o, Baturen mulkin gundumarmu, da jajayen gwiwoyinsa. Da wannan zambo fartanyar samari ke tafiya. Da lokacin noma ya yi na kira gayya, Asama'u ta tuƙa tuwo, na yanka bunsuru. Ko mutum guda bai zo ba. Ɗanjuma ya aiko wai gangarsa ba ta sha'awar ganin gidan yari. Mu muka ci bunsurun, kuma ban taɓa cin nama mai ɗaci irinsa ba.

Na ja Mode gefe na rantse masa wasa nake. Ya dube ni ya ce ai haka duk wanda Bature ya ɗauka aiki zai faɗa. Yanzu ke nan na tashi daga mai barkwanci na koma ɗan leƙen asiri, ba albashi. Ɗiyata Bilki kuma tana can bakin rijiya tana fankama wai babanta na jin yaren waya, kuma wallahi ina jin nauyin ranar da za a yi mata dariya. Riba ɗaya na ci: Asama'u ba ta yi mini faɗa a gona. Tana tarawa sai mun dawo gida.

Gonar ta fi ƙarfinmu mu kaɗai, ciyawar harƙiya ta kai gwiwa, in ba a nome ba bana rumbu wayam. Shin in tuge turakun ne kowa ya huta? Ko in rubuta wa Di'o ya mayar da su gonar Mode, tun da shi ya yi tarin?

Naka,
Tafintan Turke, Zuru

Malam Tafinta, na yi dariyar da mutanenka suka hana ka, amma maganar rumbu ba ta dariya ba ce.

Da farko, kada hannunka ya taɓa turken nan. Wanda ya tuge shi gidan yari zai kwana, kuma turken zai koma inda yake kafin ya fito. Batun a kai shi gonar Mode ma ka bari, waya miƙewa take, ba ta yi wa kowa kwana. Hukuma na da ikon ɗaukar ƙasa don aikin da zai amfani jama'a, kuma waya na da amfani. Sai dai kai ma kana da haƙƙi. An sare itace mai ba da abinci, an rage maka gona, ba a ko zauna da kai ba. Ka bi ta wurin dagaci zuwa ga hakimi, da ladabi, ka nemi diyyar kaɗanyar da wani gefen fili a madadin wanda ya tafi. Ka kuma tambaya ko za a bari ka sa gyaɗa ko wake ƙarƙashin wayar, tun da ba sa tsawo. In diyyar ta fito, ta Asama'u ce, sana'arta aka sare.

Kada ka ga wautar maƙwabtanka. Mutanen da suka ga an ɗauke gonar gado ba sallama, ba abin da za a ce baƙin nan na iya yi da ba za su yarda ba. Gaskiyar ita ce waya ba ta da kunne. Akawu ne ke ƙwanƙwasa wani ƙarfe a gidan waya, wani akawun ya fassara a can. Gunjin da ka ji iska ce kawai.

Rantsuwa a gefe ba za ta fisshe ka ba. A bainar jama'a ka shuka tsoron nan, a nan za ka cire shi. Ka fara gaya wa Bilki da bakinka, kada ta ji a rijiya. Sa'an nan ka tara unguwa gindin turken, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da ƙarfi, ka rera waƙar Ɗanjuma da muryarka. Ka fara da yi wa kanka zambo, ka ƙare da gwiwoyin Di'o, ban san dokar da ta hana ambatonsu ba. In akawun gidan waya zai yarda ya zo ya yi bayani, ya fi. Da kasuwa ta ci ta watse ba dogari a ƙofarka, ka sake kiran gayya. Za su zo, ko don su rama dariyar a kanka, kai kuma ka bari su yi ta har su kai ƙarshen kunya.

Kafin nan ku fara da inda harƙiyar ta fi yawa, kai da iyalinka, gobe da safe. Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika rumbun, ya bar ka da iyali lafiya.