Jan Baƙin Malam Barau

Daga Dalhatu, Gumel, zuwa ga aminina Malam Barau a Ɗanzomo. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, azumi ya ƙarato, kuma na rasa ta inda zan fara. Tun muna samari kai ke jan baƙi ni ina fassara, amma ka san yadda tafsirin bara ya kasance. Da la'asar harshenka sai ya yi nauyi, haruffa su cakuɗe, ka tsaya tsakiyar aya kana hura baki. Dattawan masallaci sun ce bana wani almajiri, Ishaƙ, ya karanta a madadinka. Ka huta, Malam. Wassalam.

5 ga Sha'aban, 1339.

*

Daga Barau zuwa ga Dalhatu. Na amsa gaisuwa, ban amsa hutu ba.

Bakina na ƙuna, ban musa ba. Kamar na kurɓi tafasasshen kunu, kullum. Yaji na bari, goro na bari, tuwo ma ɗaci yake yi mini. Wanzami ya leƙa, ya ce bai ga ƙurji ko ɗaya ba, shi ke nan aka ce raki nake. To, su ari bakin nawa su yini da shi!

Amma wa ya tambaye ni yaushe wutar ke tashi? Da asuba bakina garau yake. Sai rana ta ɗaga yake somawa, la'asar ta tarar yawu ya ƙafe, ga azumi ba halin kurɓar ruwa. Ku mayar da tafsirin bayan sallar asuba. In dattawanka barci ya fi musu, ni zan shimfiɗa buzuna a ƙofar gidana in karanta, ko awaki ne kaɗai za su saurara. Raina ya ɓaci, Dalhatu, don kai ka rubuto. Wassalam.

*

Daga Dalhatu. Gaisuwa, da barka da shan ruwa.

Dattawa sun ƙi. Ishaƙ ba ya kuskure, sai dai bai san inda nake numfasawa ba, gudu yake ina binsa. Jiya wani mai kanwa daga Maigatari ya ce ya kwana garinku, ya ga mutane zaune a ƙofarka da sassafe suna jin karatu, ba mai fassara musu. Na ji kunya. In na zo, za ka karɓe ni? Wassalam.

*

Daga Barau. Gaisuwa.

Mun kai Suratul Ma'ida, ba zan koma baya dominka ba. Ka iso kafin rana ta fito.