Gidan Makoki Ba Ya Mulmula Gari

Taiping, 8 Disamba, 1987

Zuwa ga Bee Tin, matar ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ke da ƙanena kuna cikin ƙoshin lafiya.

Albishirinki! Jikata Hooi Ling za ta iso daga Kuching ranar Tang Cek, bikinmu na ƙarshen shekara, ɗauke da jaririnta wanda ban taɓa gani ba. Tun jiya na wanke labule, na goge teburin da muke ajiye wa kakanninmu marigaya abinci, har na sauko da kwanukan aurena. A wannan rana za a nuna yaron ga magabata, a ɗanɗana masa ruwan citta na curin shinkafa, domin ya ƙara shekara tare da mu.

Sai dai kin sani wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma gidan makoki ba ya mulmula garin curin nan sai shekara ta zagayo. Daga wani gida ake kawo masa. Na kasuwa kuwa ba zai hau teburin kakannina ba. Na ambata wannan ne domin ki sani kawai.

Ki huta lafiya.
Gaik Suan

Ipoh, 12 Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kai, barka, barka! Jariri! Ƙaninki har da hawaye.

Amma "domin ki sani kawai"? To, na sani. Yaya, shekara talatin kina shugabar makaranta, a ce ba ki iya rubuta "don Allah" ba? Kin manta bikin da kika ɗaga curina a cokali gaban surukata, mahaifiyarku, kika ce ya fi dacewa da danƙon harbin tsuntsu? Ni ban manta ba. Shekara goma sha ɗaya ban sake taka gidanki ranar Tang Cek ba.

Ga shinkafa na saya, mai danƙo, sabuwa fil. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma ba zan jiƙa ko ƙwaya ɗaya ba sai na ga roƙo da rubutunki mai kyan nan. In kuwa ya yi miki nauyi, yaro ya gaida kakanni da kwano wayam.

Sai na ji ki.
Bee Tin

Taiping, 16 Disamba

Zuwa ga ƙanwata Bee Tin,

Gaisuwa da fatan alheri.

Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko na yaga su. Tun da na yi wayo ban roƙi kowa komai ba, saboda haka ki adana ta da kyau, ba za a sake ba.

Na yi miki laifi a gaban mutane. Don Allah, ki yi mana curin, ja da fari. Kada ki aiko da shi ta hannun kowa. Ki hau jirgin ƙasa na safe, zan tsaya a tasha da kaina, kuma ke za ki fara ɗaukar yaron.

Yayarki,
Gaik Suan