Sunan da Ya Rage a Allon Ermete

Gubbio, 3 ga Mayu

Ɗana Tancredi,

Bayan gaisuwa da fatan kai da matarka Nives kuna lafiya. Shekaruna tamanin da huɗu, arba'in daga cikinsu ina koyar da lissafi na yi su, saboda haka ka daina aiko mini da miyar kaza da kalaman tausayi. Ƙanena Ermete na rasa, hankalina yana nan daram.

Ga albishir: an saki Anselmo! Wasiƙarsa ta iso jiya daga ƙetaren teku. Ka san al'adar mahaifinka. Duk malamin lissafin da wata gwamnati ta ɗaure saboda ra'ayinsa, a gefen allon ofishinsa yake rubuta sunansa, ya dinga damun ministoci da takardu, ni ina buga masa, kuma ba ya goge suna sai ranar da mai shi ya fito. Talatin da ɗaya ya goge da hannunsa. Na Anselmo kaɗai ya rage, shekara goma sha ɗaya cur. Ka je ka goge shi yau.

Gwaggonka mai ƙaunarka,
Ottavia

6 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kai, wannan labari! Ihun da na yi sai da Nives ta zubar da kofi. Amma gogewar nan ba za ta yiwu ba. Ranar Asabar jami'a za ta rufe allon da gilashi, masana daga ƙasa tara suna tafe don ganin lissafin da Baba bai ƙarasa ba. Kuma in faɗa miki gaskiya, duk safiya yakan sake bin sunan nan da alli. Shi ne abu na ƙarshe da ya rubuta. Ba zan iya ba, Gwaggo.

Ki tausaya wa gwiwoyinki ki zauna, zan aiko miki da hoto. Miya kuwa babu fashi.

Ɗanki,
Tancredi

Gubbio, 8 ga Mayu

Ɗana Tancredi,

Ina gaishe ka. Na fahimci ciwon da ke ranka, domin irinsa ne a nawa. Sai dai mahaifinka bai shafe shekara goma sha ɗaya yana fafutukar fito da mutumin nan ba don ku sake kulle shi a bayan gilashi.

Jirgin ƙasan safe na hau yau, da gwiwoyin nawa da kake rainawa. Makullin ofishin yana hannuna tun kana rarrafe. Lissafin ban taɓa shi ba, ko da yake akwai kuskure a layi na shida, sai ka nuna wa masanan naka.

Na goge sunan da hankicin Ermete. Ga hankicin nan cikin ambulan, da garin allin a jikinsa. Naka ne, kada Nives ta wanke shi.

Ka huta lafiya.
Ottavia